Joseph Banks, mutumin da ya riƙe ragamar kimiyyar Birtaniya shekaru 41

A tarihin ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, wato Royal Society, wadda aka kafa a 1660, babu wanda ya daɗe a kujerar shugabanci kamar Joseph Banks.

An haife shi a Landan a 1743. Ya gaji dukiya mai yawa tun yana saurayi, ya kuma duƙufa ga nazarin tsirrai.

Sunansa ya fito ne a 1768, lokacin da ƙungiyar ta shawo kan Sarki George na Uku ya ba da kuɗin tura jirgin ruwa zuwa tsibirin Tahiti, ƙarƙashin James Cook, domin kallon giftawar tauraruwar Zara ta gaban rana. Banks ya bi ayarin da kuɗin aljihunsa, ya komo a 1771 da dubban tsirrai, da dama daga cikinsu masanan Turai ba su taɓa gani ba.

A 1778 aka zaɓe shi shugaba. A wancan zamani ƙungiyar ba ta da kuɗin rabawa sosai. Ƙarfinta shi ne mujallarta da kuma kunnen da hukuma ke ba ta. Banks ya ci moriyar kusancinsa da fada wajen samar wa masu bincike jiragen ruwa da guzuri, ya kuma buɗe musu ɗakin karatunsa.

Sai dai ba kowa ya ji daɗin mulkinsa ba. A 1784 wasu masana lissafi sun yi masa bore, suna zarginsa da kama-karya, amma ya yi galaba a ƙuri'a.

Hannunsa ya kai har ƙasarmu. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar binciken Afirka a 1788, wadda ta tura Mungo Park neman kogin Kwara. Park ya ga kogin a Segu a 1796, ya kuma halaka a Busa a 1806 a tafiyarsa ta biyu. Bayanan irin waɗannan tafiye-tafiye sun amfani 'yan mulkin mallaka daga baya.

Akwai kuma tabon da ba ya gogewa: shi ya tsara kai wata bishiya daga Tahiti zuwa tsibiran Karebiyan, domin a riƙa ciyar da bayi da araha.

Ya rasu a watan Yunin 1820, yana kan kujerarsa.