Imamu Jalaluddini Suyuɗi, Malamin Da Ya Ƙi Ƙofar Sarki Ya Riƙe Alƙalami

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai tafsiri da watan azumi a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai ji an ja baƙi daga Jalalaini ba. Amma ba kowa ya san cewa rabin wannan littafi saurayi ne ya rubuta shi, wanda bai cika shekara 22 da haihuwa ba. Wannan saurayi shi ne Abdurrahman ɗan Abubakar, wanda duniya ta sani da Jalaluddini Suyuɗi.

An haife shi a birnin Alƙahira cikin watan Rajab na shekara ta 849 bayan Hijira, watau 1445 Miladiyya. Mahaifinsa malamin fiƙihu ne a mazhabar Shafi'i, mutumin garin Asyuɗ, daga nan ne laƙabin ya samo asali. Uban ya rasu a shekara ta 855, yaron bai cika shekara shida ba, saboda haka ya tashi maraya a hannun abokan mahaifinsa, cikinsu har da Kamaluddini ɗan Humam, babban malamin Hanafiyya. Ya haddace Alƙur'ani kafin ya cika shekara takwas. Sa'an nan ya durƙusa gaban manyan malaman Masar, kamar su Alamuddini Bulƙini da Sharafuddini Munawi a fiƙihu, da Shumunni a nahawu da hadisi, da kuma Kafiyaji, wanda ya lizimce shi har shekara 14.

Ya fara wallafa a shekara ta 866, yana ɗan shekara 17, da wani ɗan ƙaramin sharhi a kan ta'awwuzi da basmala. Shekara biyu kafin nan, Shaihu Jalaluddini Mahalli ya rasu ya bar tafsirinsa bai cika ba. Ya fassara daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, ya koma ya yi Fatiha, sai ajali ya riske shi. A shekara ta 870 Suyuɗi ya ɗauki ragowar, daga Baƙara zuwa Isra'i, ya fara da kamawar watan Ramalana, ya gama ranar 10 ga Shawwal, kwana 40 ke nan. Ya bi tafarkin Mahalli sau da ƙafa, har mai karatu ba ya gane inda hannu ya sake. Tun daga wannan aiki a ke ganin halinsa: in ya ɗauki abu ba ya ajiyewa sai ya ga ƙarshensa.

Bayan wannan ya shiga karantarwa. Ya gaji kujerar mahaifinsa ta fiƙihu a masallacin Shaihu, ya kuma riƙa shibtar hadisi a masallacin Ibn Ɗulun. Amma zamansa da malaman Alƙahira bai yi daɗi ba. Ya yi da'awar ya kai matsayin ijtihadi, daga baya kuma ya nuna fatar ya zama mujaddadin ƙarni na tara, wannan kuwa ya tayar masa da ƙura. Gaskiya ita ce shi ma yana da kaifin harshe, kuma ba ya ɓoye ganin fifikon kansa. Hafizi Sakhawi ya zarge shi da ɗibar littattafan magabata daga taskar Mahmudiyya yana jingina wa kansa, shi kuma ya mai da martani da littafi sukutum. Abin lura shi ne ko wace rigima aka ja shi, da takarda da tawwada ya ke amsawa, sa'an nan ya koma kan aikinsa.

Da ya kai wajen shekara 40 sai ya duba ya ga jayayya tana cinye masa kwanaki. Ya ajiye karantarwa da zaman ba da fatawa, ya rubuta uzurinsa a wata 'yar risala, ya fuskanci ibada da rubutu. Daga cikin abin da ya rage a hannunsa akwai shugabancin zawiyar sufaye ta Baibarsiyya, wadda aka ba shi a shekara ta 891, daga ita ya ke samun abin masarufi. Ita ma ba ta bar shi lafiya ba. Saɓani ya ɓarke tsakaninsa da mazauna zawiyar a kan kason da a ke ba su daga dukiyar wakafi, suka yi masa bore har suka kai masa hannu. A shekara ta 906, watau 1501, aka tuɓe shi, Sarki Ɗuman Bai kuma ya sa a neme shi da mugun nufi. Malam ya ɓuya har Allah ya kawar da mulkin sarkin bayan 'yan watanni kaɗan.

Daga nan ya tare a gidansa na tsibirin Rauda, tsakiyar kogin Nilu. Manyan gari su kan haye ruwa su kawo masa ziyara da kyautai, ya karɓi ziyara ya mai da kyauta. Sarki Ƙansu Guri ya aiko masa da dinari 1,000 da bawa guda. Ya mai da dinaran, ya 'yanta bawan, ya sa shi cikin masu hidimar ɗakin kabarin Manzon Allah a Madina. Dā ma ya riga ya tara hadisai a wata risala game da haɗarin zaryar malamai zuwa fadar sarakuna. Ya fahimci cewa bakin da ya ci shi ke godiya, alƙalamin da aka ciyar kuwa ba ya iya rubuta abin da mai ciyarwar ba ya so.

To, me ya riƙe shi a kan aiki, alhali ba albashi, ba kujera, ga abokan gāba? Na farko dai niyya ce. Tun a hajjinsa na shekara ta 869 ya sha ruwan Zamzam da roƙon Allah ya kai shi matsayin Sirajuddini Bulƙini a fiƙihu, da na Ibn Hajar a hadisi. Mutumin da ya kafa wa kansa irin wannan maƙasudi ba ya jiran tafi. Na biyu, yawan aiki kullum. Almajirinsa Dawudi ya ba da labarin ya gan shi yana rubuta ƙananan kundaye uku a yini ɗaya, wallafawa da gyarawa. Na uku, ba ya raina ƙaramin aiki, ba ya kuma jin tsoron babba. Yana da risala mai 'yan warƙoƙi a kan mas'ala guda, yana da Itƙan mai babi 80 a kan ilmin Alƙur'ani, da Durrul Mansur a tafsiri, da Jami'us Sagir a hadisi, da Muzhir a lugga, da Tarihin Halifofi. Na huɗu, ya san iyakarsa. Da kansa ya faɗi cewa ilmin lissafi ya fi kome yi masa nauyi, don haka ya zuba ƙarfinsa inda Allah ya buɗa masa. Lokacin da ya rubuta tarihin Masar ya lissafa littattafansa wajen 300, bai kuwa tsaya nan ba.

Ba ɗab'i a Masar a zamaninsa, sai dai kwafa da hannu. Duk da haka tun yana da rai mahajjata da fatake suka kai littattafansa Sham da Hijaz da Magrib da ƙasar Takruru. Mutanen wannan yanki sun aika masa da tambayoyi ya amsa a rubuce, ya kuma aiko da wasiƙar nasiha ga sarakuna, cikinsu har da Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim, yana horonsu da adalci da tsoron Allah. Ga mutumin da ya ƙi taka fadar garinsa, amma takardarsa ta ƙetare Sahara ta shiga fadodi.

Ya rasu ranar 19 ga Jimada Awwal, shekara ta 911, watau Oktoba 1505, yana da shekara 61 da 'yan watanni, aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa ta Alƙahira. Ya tafi ya bar Jam'ul Jawami'i, inda ya yi nufin tattara hadisai duka, bai kammala ba. Ajali ya same shi yana cikin aiki, kamar yadda ya sami Mahalli.

Akwai malamai da ɗalibai da yawa waɗanda ilminsu ke kwance cikin adaka, suna jiran wani attajiri ko hukuma ta ɗauki nauyinsu kafin su tsoma alƙalami a tawwada. Sarakunan da Suyuɗi ya ƙi kyautarsu, kaɗan ne suka san sunayensu yau, amma tafsirin da ya rubuta cikin kwana 40 ya haura shekara 550 ana karanta shi. Wanda Allah ya ba abin rubutawa, sai ya gyara niyya, ya wadatu da abin da ke hannunsa, ya rubuta ko da warƙa guda kullum.

Allah ya jiƙan Imamu Suyuɗi, ya gafarta masa, ya amfanar da mu da ilminsa, amin.