John Enders, mutumin da ya yi kiwon ƙwayar ƙyanda cikin kwalba

Uwar da ta kai ɗanta mai wata 9 allurar ƙyanda a wata cibiyar lafiya ta Tahoua, ko ta Abalak, da wuya ta taɓa jin sunan John Franklin Enders. Amma asalin ruwan da ke cikin allurar daga ɗakin bincikensa ya fito.

An haife shi ranar 10 ga Fabrairu 1897 a jihar Connecticut ta Amurka, ɗan mai banki ne. Bai shigo kimiyya da wuri ba. Ya tuƙa jirgin sama lokacin yaƙin duniya na farko, ya taɓa dillancin gidaje, ya karanta adabin Ingilishi a jami'ar Harvard, kafin Hans Zinsser ya ja hankalinsa zuwa nazarin ƙwayoyin cuta. Sai a 1930 ya samu digirin dokta, kuma shi ba likita ba ne.

Ƙwayar birus ba ta hayayyafa sai cikin tantanin halitta mai rai. Shi ya sa a wancan zamani mai binciken shan inna sai ya nemi birai, ya sa musu cutar, ya jira. An kuma ɗauka cewa ƙwayar ba ta rayuwa sai a jijiya. A asibitin yara na Boston, Enders da matasa biyu, Thomas Weller da Frederick Robbins, suka zuba gutsattsarin fata da tsokar ɗan tayi cikin kwalabe, suka ƙara ruwan abinci, da penisilin da streptomisin don hana bakteriya ɓata aikin. Ƙwayar ta yaɗu, har ana ganin ɓarnarta a madubin likita. Sun bayyana sakamakon a 1949, suka samu kyautar Nobel a 1954. Da wannan dabara ce Jonas Salk ya samu ƙwayar da ta isa yin rigakafi.

A 1954 ɗin ne Thomas Peebles, wani abokin aikinsa, ya ɗebo ƙwayar ƙyanda daga jinin wani ɗan makaranta. Suka yi ta sauya mata kwalba, daga tantanin ɗan Adam zuwa na ɗan tsako, har ƙarfinta ya ragu. An amince da rigakafin a 1963. Enders ya raba irin ga masu bincike bai nemi riba ba, abin da ba kasafai ake gani ba yau.

Makiyayan arewacin Adar ma sun ci moriyar hanyar. Bushiya, annobar shanu, ƴar uwar ƙyanda ce. Walter Plowright ya raunana ƙwayarta cikin tantanin ƙodar ɗan maraƙi a Kenya, kuma a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya. Ƙyanda kuwa tana nan, tana dawowa Nijar da bazara duk inda aka bar yara babu allura.

Enders ya rasu ranar 8 ga Satumba 1985, yana da shekaru 88.