SARKIN KANO MUHAMMADU RUMFA DA AYYUKANSA

Wanda ya ke so ya san Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, sai ya taka da ƙafa ya ratsa tsohon birnin Kano, gama ayyukansa suna nan tsaye har yau. Shi ne Sarki na 20 a jerin sarakunan Kano, ya kuwa yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Mu fara daga Gidan Makama, inda ya zauna kafin ya koma sabuwar fada. Yanzu gidan ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Daga nan tafiya kaɗan ce zuwa Gidan Rumfa, watau fadar da ya gina, wadda sarakunan Haɓe da na Fulani suka yi ta gadonta. A zamaninsa aka soma busa kakaki, da riƙe figini, da sa takalmin gashin jimina. Ya kuma kafa majalisar nan ta Tara ta Kano, don kada Sarki ya yanke babbar shawara shi kaɗai.

In muka nufi arewa ta cikin lunguna, sai mu iske kasuwar Kurmi. Rumfa ya kafa ta domin fatake masu ƙetaro Sahara da na ƙasashen kudu su sami matattara guda. Kusa da ita akwai unguwar Sharifai, mazaunin zuriyar Shehu Magili, malamin nan na Tilimsan da ya sauka Kano wajen 1492. Shi ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, yana yi masa gargaɗi da adalci da sauraron ƙarar talakawa. Da shawararsa aka sare itacen tsafi, aka gina masallaci a wurin.

Ba a rasa yaƙi ba a zamaninsa. Shekara 11 ana gwabzawa da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani. Ya faɗaɗa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, ya ƙara ƙofofi, har da Ƙofar Mata. Da ya rasu, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.

To, jama'a, ga inda abin baƙin ciki ya ke. Badalar nan ta zube a wurare da yawa, waɗansu na haƙar ƙasarta, waɗansu na gini a kanta. Muna roƙon hukuma da masu unguwanni su tsare abin da ya rage, domin jikokinmu su gani da idonsu. Allah ya jiƙan Rumfa, amin.