WALIYI AGUSTIN DA GARURUWAN DA YA ZAUNA

Duk wanda ke shirin kai ziyara ƙasar Aljeriya lokacin hutu, ya kamata ya fara sanin mutumin da zai bi sawunsa, gama kufai ba ya magana da baƙon da bai san tarihinsa ba.

An haifi Agustin ranar 13 ga Nuwamba, 354, a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a yau. Mahaifiyarsa Monika mai bi ce ƙwarai. Ya yi karatu a Madaura, sa'an nan ya wuce Kartaj, wadda kufanta ke gefen birnin Tunis a ƙasar Tunisiya. A can ya gwanance da fasahar magana, ya haifi ɗa ba tare da aure ba, ya kuma bi koyarwar Mani har shekara tara. Duk wannan lokaci Monika ba ta fasa addu'a da hawaye ba.

Neman ɗaukaka ya ƙetarar da shi zuwa Roma da Milan. A Milan wa'azin Bishop Ambros ya ratsa zuciyarsa, ya karɓi baftisma a daren Ista na 387. A wannan shekara Monika ta rasu a Ostiya, bayan ta ga amsar addu'arta da idonta.

Ya komo Afirka a 388. A 391 jama'ar Hippo, wato Annaba ta yau, suka matsa aka naɗa shi firist, daga baya ya zama bishop nasu. A nan ya rubuta littafinsa Birnin Allah. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal suna kewaye da birnin, bai kuwa gudu ya bar garkensa ba.

Saboda haka mu fara ziyararmu daga Annaba. A can za mu ga kufan majami'ar zamaninsa, da babbar majami'ar kan tudu inda aka ajiye ƙashin hannunsa, sauran ƙasusuwansa kuwa suna Pabiya a Italiya. Daga nan mu nufi kudu zuwa Suk Ahras. Ba baƙo ba ne a gare mu: 'yan ƙungiyarsa suka yi aikin bishara a Yola da Maiduguri, makarantar horar da firistoci ta Jos kuma sunansa ta ci.

Mu da ba mu da halin tafiya, musamman iyayen da 'ya'yansu suka bar hanya, mu riƙe haƙurin Monika. Waliyi Agustin, ka yi addu'a dominmu.