Sarki Abdul'aziz: daga rikicin Mina zuwa wayar iska

Duk wanda ya kwana a tantunan Mina a 'yan shekarun nan ya san yadda ake yi: kafin alhaji ya dawo daga jifa, hotonsa ya riga ya isa Kano ko Maraɗi. Amma shekara ɗari baya, a wannan ƙasar, aika saƙo ta iska abu ne da aka yi ta jayayya a kansa, har ya shiga cikin dalilan tawaye. Wanda ya tsaya kai da fata sai an yi shi ne Sarki Abdul'aziz ɗan Abdurrahman Al Sa'ud.

An haife shi a Riyad wajen 1876. Yana yaro gidan Al Rashid suka kori iyayensa, suka yi zaman gudun hijira a Kuwait. Mu da ke zaune a ƙasar wasu ba sai an faɗa mana ɗacin wannan ba. A Janairun 1902 ya dawo da 'yan mutane kaɗan ya ƙwace Riyad. Makka ta shiga hannunsa a 1924, Madina da Jidda kuma a ƙarshen 1925. To, nan fa aiki ya same shi. Ƙasa ce makekiya, galibinta hamada, wasiƙa daga Makka zuwa Riyad sai ta yi kwana da kwanaki a bayan raƙumi. A Hijaz ya tarar da tashoshin wayar iska da gwamnatin Sharif Husaini ta bari, nan take ya ga amfaninsu.

Matsalar ita ce mayaƙan da suka ci masa waɗannan garuruwa, wato Ikhwan, ba sa ga maciji da duk wani baƙon abu. A hajjin Yunin 1926, a nan Mina, suka yi kiciɓis da ayarin Mahmal na Masar, wanda sojoji ke rakowa suna busa begila. Ikhwan suka ce bidi'a ce, suka fara jifa da duwatsu, sojojin Masar suka buɗe wuta, aka rasa rayuka a tsakiyar alhazai. Sai da Sarki ya zo da kansa ya shiga tsakani. Dangantaka da Masar ba ta gyaru ba sai 1936. Ni dai a ganina, daga ranar ya gane cewa ba zai iya tsare ran baƙin Allah ba in har labari ba ya iso masa kafin wuta ta kama.

A ƙarshen shekarar, shugabannin Ikhwan irin su Faisal al-Duwaish da Sultan bin Bijad suka taru a Artawiyya suka jera laifukan Sarki, ciki har da amfani da mota da tarho da wayar tangaraho. Abin da ya burge ni, bai ce da ƙarfi za a yi ba. Ya kai maganar gaban malamai. A fatawarsu ta 1927 suka ce abin sabo ne, ba su san haƙiƙaninsa ba, don haka ba su halatta ba kuma ba su haramta ba. Wannan 'yar kafa ta ishe shi.

Mashawarcinsa Hafiz Wahba ya rubuta yadda ya je Madina da wani babban malamin Najdu da ya haƙiƙance cewa aljanu ke kai saƙon, kuma sai an yi musu yanka. Wahba ya shigar da shi tashar ya duba: ba ƙashi, ba ƙaho, ba jini. Kada mu yi wa malamin dariya fa. Mutum na zaune yana ƙwanƙwasa ɗan ƙarfe, wani a wata uwa duniya yana rubuta kalmomin, ba igiya a tsakani. Wa zai yarda da farko?

Da Ikhwan suka ɗauki makami, ya murƙushe su a Sabila a Maris 1929. Bayan nan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Marconi na Ingila, ta hannun Abdullahi Filbi, Baturen nan da ya musulunta a 1930. Aka kafa manyan tashoshi a Makka da Riyad, ƙanana a sauran garuruwa, wasu kuma aka ɗora a manyan motoci suna bin ayarin Sarki duk inda ya sauka. Da yake wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, dole aka horar da 'yan ƙasa, har aka tura wasu matasa Ingila koyon aikin.

Waɗannan matasa su ne na fi tunawa, don ni ma ina shirin jarrabawar lasisin rediyon 'yan sha'awa, ina koyon alamomin Mos da daddare bayan aiki. Kowane harafi gajeren sauti ne da dogo, dogon ya ninka gajeren sau uku. Larabci na da nasa tsari: alif gajere da dogo, ba dogo ɗaya da gajeru uku, ta dogo ɗaya tak. Wanda ya tsaya ƙirga sautin an bar shi a baya. Sai kunne ya saba ya ji harafin ɗungurungum, kamar yadda Bahaushe ke jin kirari a bakin kalangu. Tun 2003 dokar ƙasa da ƙasa ta daina wajabta Mos ga masu neman lasisi, mu don sha'awa muke yi. Su kuwa umarnin Sarki ne ke bi ta yatsunsu, kuskuren harafi ɗaya na iya tura runduna inda ba a ce ba. Irin aikin nan ne kakanninmu ke nufi in sun ce an buga waya.

A 23 ga Satumba 1932 aka haɗe ƙasar da sunan Saudiyya. A 1949, ranar Arfa, gidan rediyon ƙasar ya fara watsa shiri daga Jidda, ɗansa Faisal ya karanta saƙonsa na yi wa alhazai maraba. Sarki Abdul'aziz ya rasu a Ɗa'ifa ranar 9 ga Nuwamba 1953, aka binne shi a maƙabartar Al-Ud da ke Riyad. Allah ya jiƙansa. Ɗansa Yarima Ɗalal ya riƙe ma'aikatar sadarwa, kuma masu rediyon sha'awa na duniya sun san shi da lambar kira HZ1TA.