Denis Compton, Gwanin Wasa Biyu

An haifi Denis Compton a Hendon, wata unguwa ta birnin Landan, cikin shekarar 1918. Tun yana yaro ya nuna gwaninta a wasa iri biyu. Da hunturu yakan buga ƙwallon ƙafa, da bazara kuwa sai ya koma kurket. Shi kurket wasa ne da ake jefo wa mutum ƙaramar ƙwallo mai tauri, shi kuma ya make ta da faffaɗar sanda, ya sheƙa da gudu don ya sami maki.

Da ya girma sai ya riƙa yi wa Arsenal wasan ƙwallo, yana kuma yi wa Middlesex da ƙasarsa Ingila wasan kurket. Yana cikin tashe Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Ya shiga soja, aka kai shi Indiya.

Bayan yaƙi mutanen Ingila suna cikin ƙunci, abinci ma sai an auna wa kowa. A 1947 Compton ya tara maki 3,816 a bazara guda, abin da ba wanda ya taɓa yi. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallonsa, suna mantawa da wahalarsu.

Amma fa ya ji rauni a gwiwa wajen ƙwallo, ciwon kuwa ya ƙi barinsa. Duk da haka yana cikin waɗanda suka ci wa Arsenal Kofin FA a 1950. Daga nan ya bar ƙwallo. A 1955 likitoci suka cire masa ƙoƙon gwiwar. Mutane suka zaci ya gama ke nan. Ashe da sauransa! A 1956 ya komo fili, ya ci maki 94 a karawarsu da Ostareliya.

Da ƙafa ta gaza sai ya kama alƙalami. Ya zama mai rubuta labarin wasanni a jaridar Sunday Express, yana kuma bayanin kurket a talabijin na BBC. Masu karatu suka amince da shi, domin abin da yake faɗa ya taɓa shi da hannunsa.

Ya rasu a 1997, yana da shekara 78. Ciwo ya raba shi da fili, amma bai raba shi da wasa ba.