Alfred Hauptmann: Likitan da neman barci ya kai shi ga maganin farfaɗiya

Har gobe phenobarbital na cikin magungunan da aka fi bai wa masu farfaɗiya a ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar, saboda arharsa. Sai dai ba kowa ya san mutumin da ya gano amfaninsa ba.

An haifi Alfred Hauptmann a 1881 a garin Gleiwitz, wanda a yau yake cikin Poland. A 1912 yana matashin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na Freiburg a Jamus. An ruwaito cewa ɗakin kwanansa na saman ɗakin masu farfaɗiya, kuma faɗuwarsu cikin dare na hana shi runtsawa. Sai ya ba su Luminal, sabon maganin barci na kamfanin Bayer daga dangin barbiturate. Marasa lafiyar suka samu barci, amma abin da ya ja hankalinsa shi ne faɗuwar ta ragu har da rana. Wani likitan da ya gode wa Allah ya ja bargo. Shi kuwa ya riƙa ƙirga faɗuwar kowane majinyaci, ya wallafa sakamakon a shekarar.

Kafin nan bromide kawai ake da shi, mai dusashe tunani da ɓata fata. Phenobarbital ma ba shi da tsarki: yana sa kasala, yawan shansa na iya kisa, kuma bincike daga baya ya nuna daɗewa a kansa na raunana ƙashi.

Hauptmann ya yi wa Jamus aikin likita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya zama farfesa a Halle a 1926. Duk wannan bai cece shi ba. Da yake yana da asalin Yahudawa, gwamnatin Hitler ta raba shi da kujerarsa a 1935, sannan aka tsare shi a sansanin Dachau a 1938.

Bayan an sake shi ya yi hijira zuwa Boston a Amurka. A can, a 1941, shi da Siegfried Thannhauser, wanda shi ma korarre ne daga Jamus, suka bayyana wata cutar gado da ke sa tsoka ta shanye, gaɓoɓi su ƙage. Cutar ta ɗauki sunansu.

Bai sake samun matsayi irin na Halle ba har ya rasu a 1948. Tun 1979 ake ba da lambar yabo ta binciken farfaɗiya da sunansa.